Zuwa Ga Ɗana Da Ya Shiga Fim

Ɗana, ba na cikin masu cewa ka bar fim. Na san an faɗa maka haka a gida ba sau ɗaya ba, na kuma lura ka zaci ni ma abin da ke bakina ke nan, shi ya sa kwanan nan kake gaishe ni a tsaitsaye ka wuce. Kwantar da hankalinka. Wasan kwaikwayo sana'a ce, akwai mai yin ta da mutunci, akwai mai zubar da nasa a cikinta. Abin da ke damuna daban ne. Waɗanda suka san fuskarka sun fara yawa, waɗanda suka san ka kuwa ba su ƙaru ba, kuma ina tsoron kada ka ɗauki rayuwarka ka danƙa wa na farkon, ka bar na biyun da gaisuwar Sallah.

Fara sanin ƙasar da kake takawa. Samarin yanzu da yawa suna ganin harkar ta faro ne ranar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano cikin 1990. A fim ɗin bidiyo haka ne, kuma Kano ce cibiya har gobe. Amma tun 1962 akwai gidan rediyo da talabijin a Kaduna, kuma daga garin nan Arewa ta san Samanja Mazan Fama, ta san Ƙasimu Yero a Karambana da Magana Jari Ce. A nan Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999, daga nan kuma Yakubu Lere ya fitar da fim ɗin Wasila, wanda ya zaga har Nijar. Ba baƙo ba ne kai a sana'ar nan, gadon gari ka tarar.

Samanja nake so ka tsaya a kansa. Lokacin da muke samari, a gidan da ke da talabijin a layinmu ake taruwa, yara a tabarma, manya a benci, ana jin muryarsa tsakar gida ta yi tsit. Me ya sa ya shiga ran mutane haka? Usman Baba Pategi soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa. Tafiyar nan, da tsawar, da Hausar bariki mai gauraye da Turanci, ba a takarda ya karanta su ba, ya zauna da masu yin su, ya ci abinci da su, ya ji abin da suke faɗa in babba ya juya baya. Ya rasu a nan Kaduna a watan Nuwamban 2023, Ƙasimu Yero ya riga shi tun 2017, Allah Ya jiƙansu. Har yau in an ambace su a rumfar yadin nan tawa sai ka ga dattawa sun saki fuska. Ba don kyan sura aka so su ba, don sun san mutane ne.

To, kai makarantarka ga ta a gabanka, ba kuma kuɗin makaranta. Kasuwar nan da aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wadda tsofaffinmu har yanzu suke kira Santral, babu irin ɗan Adam ɗin da ba ya shigowa cikinta daga titin Ahmadu Bello tsakanin hantsi da la'asar. Zauna ka kalli mace mai son turmin atamfa amma ba ta son mai kaya ya gane. Za ta ɗauka ta murza bakin yadin tsakanin yatsu biyu, ta ajiye shi kamar bai dame ta ba, ta tambayi kuɗin wani da ba shi take so ba, ta ce ya yi tsada, ta juya ta yi taku uku a hankali, kunnenta yana baya tana jiran a ce, “Hajiya, dawo mana, nawa za ki saya?” Ka kalli saurayin da ya zo haɗa lefe da ƙanwar babarsa, kuɗinsa bai kai ba, yadda yake dariyar da ba ta wuce leɓe, hannunsa yana komawa aljihu yana fitowa ba komai. Ka kalli ɗan dako in an ba shi abin da bai kai wahalarsa ba, ya dubi kuɗin, ya dubi mai bayarwa, ya haɗiye maganar. Wannan haɗiyewar, ɗana, in ka iya yin ta a gaban kyamara, ka wuce masu ihu da zare ido nesa ba kusa ba. Na ga fitowarka ta ƙarshe, inda aka ce maka mahaifinka ya rasu. Ka yi kuka da yawa, kuma ka fara shi da wuri. Wanda aka yi wa rasuwa da gaske yakan yi shiru tukuna, wani ma sai ya tambayi abin da bai shafi zancen ba.

A kasuwar nan kuma za ka ji Hausa a bakin Bagwari, da Bajju, da Banufe, da Bayarabe, da ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a Kaduna wanda ya fi wasu Hausawan iya karin magana. Koyi muryoyinsu, za su yi maka amfani. Amma in aka ba ka rawar da ba ta da wani aiki sai a yi wa wata ƙabila dariya, ka nemi a gyara, in an ƙi ka haƙura da ita. Garin nan ya ga abin da raini yake haifarwa a rikicin shekarar 2000, har kogi ya koma iyaka tsakanin maƙwabta. Kasuwa na cikin wuraren da har yanzu kowa da kowa ke haɗuwa, kuma waɗanda za ka kwaikwaya gobe za su zo sayen yadi a gabanka.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na ga ba ku son a yi ta. A zamanin kaset, furodusa yakan buga kwalayen fim ɗinsa ya kai wa dillalai a Kano, wajen Ƙofar Wambai da Bata, su saya su naɗi fim ɗin su zuba a ciki. Yawan kwalin da ya shiga, yawan abin da ya samu. Daga nan faifai ya zo, masu satar fasaha suka biyo shi, sai kuma masu tura fim a waya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Layin masu kaset da muka sani ya watse muna kallo, wasu suka koma sayar da caja da murfin waya. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, Daɗin Kowa ya saba wa mutane da shiri mai dogon zango, Labarina da Izzar So suka biyo baya, yau kusan kowa ya koma YouTube. A can kuwa kuɗin talla ne, kuma aljihun mai tashar yake shiga, shi ma sai tasharsa ta cika sharuɗɗan masu bibiya da sa'o'in kallo kafin a fara biyansa. Tallan da aka nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kai darajar wanda aka nuna wa na Ingila ko Amurka ba. Saboda haka in ka ga an rubuta mutum miliyan sun kalli shirin da ka fito, kada ka fara lissafin mota. Kai an sallame ka tun ranar ɗauka, ko fim ya yi kasuwa ko bai yi ba.

Tun da haka abin yake, ka tambayi sallamarka kafin ka sa kayan wasa, ba bayan an tashi ba. Ba rashin kunya ba ne. A rumfar nan ko ɗan'uwana na ciki ɗaya ya ɗauki kaya bashi sai an rubuta a littafi, kuma wannan littafin ne ya sa har yau muke cin abinci a kwano ɗaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In an ce maka, “Ai haska ka za mu yi,” karɓi wannan sau ɗaya ko sau biyu kana sabo, don kowa ta nan ya bi. In ya zama kullum, to kai ne kake haska su. Ka ba ni labarin ranar da aka kira ka lokeshan tun da safe, ka biya kuɗin keke daga aljihunka, ka zauna a gindin bishiya har bayan magariba, aka ɗauki fitowa biyu aka ce ka je za a neme ka. Ban ce ka yi faɗa ba, kada ma ka kai zancen Facebook. Gaishe su da kyau duk inda kuka haɗu, amma in sun sake kira, a yi magana tukuna.

Kada kuma ka saki rumfa. Na san abokanka suna cewa jarumi ba ya auna yadi. Waɗannan ba su ga Kakuri ba lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, mutum na ganin albashinsa ba zai taɓa yankewa ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, magidanta dubbai suka wayi gari ba abin yi. Waɗanda suka tsira da mutuncinsu su ne masu ɗan abin yi a gefe. In masaƙa mai injuna da katanga ta tsaya, ina ga sana'ar da ta dogara da sha'awar masu kallo? Kai ma ka sha ganin bidiyon tsofaffin 'yan wasa a kan gadon asibiti ana nema musu taimako, mutanen da suka sa Arewa dariya shekara da shekaru. Duk lokacin da na gani sai raina ya ɓaci, ba don sun yi laifi ba, don sana'ar ba ta da fansho, kuma tafi ba ya sayen magani. Shiga adashin layinmu, ko da ƙaramin hannu ne. In ka ɗauka, zuba a jari, kada ka zuba a waya. Sannan a lokeshan, maimakon zaman jira, matsa kusa da mai kyamara da mai ɗaukar sauti, ka je ka zauna wajen mai tace hoto, ka gwada rubuta labari. Fuska tana tsufa, ana kuma gajiya da ita tun kafin ta tsufa, amma wanda ya iya aikin bayan kyamara ana nemansa har da furfura. In hali ya yi, Zariya ba nisa, Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen koyar da wasan kwaikwayo tun shekaru masu yawa.

Akwai wani abu da na gani da idona, ban yi magana ba a lokacin don akwai mutane. Ka zo ka karɓi gezna ka kai ɗinki Kasuwar Barci, ka ce ta aiki ce. An gama aikin, sai ka ci gaba da sa ta kana zagaya gari, har ka ƙi shiga keke a bakin kasuwa don wasu 'yan mata sun gane ka, ka tsaya a rana kana jiran motar aboki. A fim kai ɗan Alhaji ne mai gida a Unguwar Rimi. A gaske kai ɗan gidanku ne, kuma gidanku ba abin kunya ba ne. Ranar da ka fara ciyar da wancan ɗan Alhajin daga aljihunka, ranar ka fara cin bashi, kuma ba ya ƙoshi. Shiga kekenka. Wanda ya gan ka ya ce ashe talaka ne, gobe zai manta, mai bin ka bashi kuwa ba ya mantuwa.

Sai zancen da na san shi ne ya fi cin ranka. Mahaifiyarka ta ce wayarka ba ta hutawa da dare. Ban yi mamaki ba, ban kuma zargi yaran da ke turo saƙon ba. Sun ga saurayi mai taushin murya wanda ba ya fushi, ba ya rasa kuɗin cefane, yana faɗin kalmomin da wani ya zauna ya rubuta masa, ga kiɗa a ƙarƙashi. Shi suke so, kuma kai ka san babu shi. Amsa gaisuwa da ladabi, ka yi godiya, ka tsaya nan. Kada ka karɓi kuɗin 'yar mutane ko katin waya da sunan kyauta, kada ka nemi hotonta, kada ka yi mata alkawarin za ka sa ta a fim. Yarinyar da ta baro gidansu a wani gari ta sauka a tashar Kawo saboda maganarka, alhakinta na wuyanka har gaban Allah.

Abokan aikinka mata kuma, riƙe su da daraja fiye da yadda ake riƙe su. Idan an yi kwana da kwanaki ana ɗaukar soyayya, ana ci tare ana jira tare, zuciya takan ruɗe, ba abin mamaki ba ne. Ba ta lokaci. A tashi daga aikin, kowa ya koma gidansu, wata biyu su wuce, sannan ka tambayi kanka ko ita kake so ko wadda ta fito a matsayinta. Soyayya irin shadda ce, ba a rumfa ake gane ta ba inda fitila ke haska ta, sai ta sha wanki. In ka ga da gaske ne, je gidansu ta ƙofa, ni zan yi maka jagora, don ban yarda da masu cewa 'yar fim ba matar aure ba ce. Amma ku yi maganar aikinta tun kafin a sa rana. Mata da yawa sun bar fim saboda aure, mazan kuwa suka ci gaba da fitowa da wasu matan, daga baya gidan ya ƙi zama. Kada ka ce ka yarda alhali a ranka kana shirin hana ta bayan biki, kada kuma ka nemi ta bar abin da kai ba za ka iya bari ba sai da yardarta ta gaskiya.

Ka kuma sani in ƙura ta tashi ba daidai take sauka a kanku ba. A 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau, 'yar garin nan, saboda wani bidiyon waƙa. Ba shari'ar nake sake yi ba, so nake ka lura sunan wa aka yi ta ja a bakin duniya. Namiji yakan kakkaɓe rigarsa ya wuce, mace kuwa abin yana bin ta har gidan miji, har 'ya'yanta su ji a makaranta. Don haka hoton da ba za ka so a ga ƙanwarka a cikinsa ba, kada ka ɗauka da 'yar wani, ko da wasa, ko da ita ta ce a ɗauka. Waya tana ɓata, tana zuwa wajen gyara, abota tana lalacewa.

Ita kuwa yarinyar nan ta unguwarku, wadda ta san ka tun kana kai wa mahaifinka abinci kasuwa a kwanon sha, na ji ka rage zuwa zance. Ban ce dole sai ita ba, aure nufin Allah ne, zuciya kuma ba a yi mata tilas. Abin da na ce, kada ka bar ta a rataye. In ka fasa, faɗa mata da bakinka, ka nemi gafararta, ta san inda ta dosa tun lokaci bai ƙure mata ba. In kuma kana nan a kan bakanka, to ka san mahaifinta zai yi bincike, kuma kalmar ɗan fim za ta riga ka isa zaurensa. Kada ka ji haushinsa, 'yarsa ce. Ba fina-finanka zai kalla ba. Zai tambayi limamin masallacinku ko yana ganinka da asuba, ya tambayi mai shagon layinku ko kana biyan bashi, ya aiko wani ya zo nan ya zauna kamar mai sayen yadi ya ji abin da maƙwabtan rumfa ke cewa. Waɗannan su ne mutanen da na ce maka ba su ƙaru ba. Ba su kai ashirin ba, amma da bakinsu za a ba ka mata, kuma su za su zo in ka kwanta ciwo.

Sauran 'yan abubuwa ne, amma kada ka raina su. In lokacin salla ya yi a lokeshan, tashi ka yi, ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba, za ka ga wasu sun bi ka. In an miƙo maka kwalba ko ƙwaya an ce tana cire kunyar kyamara, ka ce ka gode. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma bai bar gari ba, kuma mun ga yaran kirki da ya mayar abin tausayi. Kunyar kyamara maimaici ne maganinta. In manya biyu a masana'anta suna faɗa a TikTok, kada ka ɗauki ɓangare, za su shirya su bar ka da abokin gaba. Lokacin zaɓe 'yan siyasa za su neme ku, ka tuna masu kallonka suna kowace jam'iyya, kuma abin da za a ba ka ba zai kai wata uku ba. Hanya kuma, ɗana, hanya. Ahmad S. Nuhu yana kan ganiyarsa hatsarin mota ya ɗauke shi a ranar farko ta 2007. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da kiyayewa. In an tashi aiki da dare a Kano ko Zariya, kwana a can, ka kira mahaifiyarka ka faɗa mata, don ba ta runtsawa sai ta ji motsin ƙofarka.

Ita ma ɗin, ka riƙa zama kana cin tuwo a gabanta ba waya a hannu. Ba ta kallon fina-finanka gaba ɗaya, in an zo inda ake marinka ko kake kuka sai ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta faɗa maka ba, ni ta faɗa wa.

Na yi magana da baffanka. Mun yarda ranakun da kake da ɗauka yaron wajena zai riƙe maka rumfa, ranakun da ba ka da ita kuwa ina son in gan ka nan kafin a buɗe ƙofar layi, kai za ka riƙa karɓar kayan Kano kana shigar da su littafi. Zancen yarinyar kuma mun ba ka zuwa bayan ƙaramar Sallah. In ka tsai da magana, ka zo ka same mu mu biyu, mu sa ranar da za mu je gaisuwa wajen mahaifinta, goro da alewa ni zan saya.